RABI DAGA UWA, RABI DAGA UBA

Shafi na 17

Masu cewa na bar Delsihna a bayan mota ruwa yana dukanta, ku yi haƙuri. Ga ta nan ta iso.

*

Motar ba ta gama tsayawa ba Delsihna ta hango dutsen. An wanke shi tas, an girke shi a tsakiyar nahs, babbar rumfar taron dangin mijinta Welsin a Kitti. Dutsen dakan sakau ke nan, saiwar da ake matse ruwanta a ƙoƙo a sha a taron biki ko na ban haƙuri, kuma saboda ita aka wanke shi.

Saiwar sakau ɗin da mahaifinta ya tono da safe tana kwance kusa da ƙafarta, da ƙasarta da ganyenta. Shekaru yana tattalinta don ranar farin ciki. Yau ita zai kai ban haƙuri a kan laifin da ba a yi ba.

"Pahpa," ta ce wa mahaifinta, "har yanzu muna iya juyawa."

Pahpa Ensler bai kalle ta ba.

"Sauko."

"In ka miƙa ƙoƙon nan suka sha, shi ke nan fa. Ka amsa a gaban jama'a cewa na ci amanar Welsin."

"In suka sha, magana ta mutu. Ba mai sake tayar da ita. Ki koma ɗakinki, yaro ya tashi a gidan ubansa."

"Ya tashi kullum ana yafe masa haihuwarsa?"

Tsohon ya runtse ido.

"'Yata, mu mutanen tsibirin Pingelap ne. Ƙasar da muke zaune a Mand ba mu taho da ita a jirgi ba, ba mu aka yi. Na san ba ki yi ba. Amma gara ni in sunkuya da in ga aurenki ya mutu."

"To ku je ku yi ta sunkuyonku," in ji wata murya daga gaban motar. "Ni da maigidana muna nan inuwa. Ba mu da abin da za mu roƙi kowa."

Nohno Lihner ce, wato Inna Lihner, tsohuwar maƙwabciyarsu ta Mand. Tana saukowa a hankali, baƙin tabarau a ido, malafa har goshi, jaririn Delsihna a ƙirjinta an lulluɓe shi da tawul. Ita ma da maskun aka haife ta, larurar idon nan da ta yi yawa a jinin mutanen Pingelap, kamar yaron. Matar da ko coci ba ta zuwa sai ranar da hadari ya rufe sama, yau kafin kowa ya fito tana cikin mota. Ba wanda ya gayyace ta.

"Ba za ki shiga ba, Nohno?"

"In shiga in ga me? Ko na shiga duk baƙi da fari ne a wurina. Je ki, kar ki sa ubanki jira."

Ta lallaba ta zauna a gindin mangwaro, ta juya wa haske baya.

Delsihna ta bi bayan mahaifinta.

Duk abin nan daga magana ɗaya ya taso. Ranar da suka kai jaririn nasu Eliser asibiti a Kolonia, saboda idanunsa sun fara rawa kuma yana ƙwalla kuka duk sanda aka fito da shi rana, nas ɗin ta zaunar da su ta yi musu bayani a tsanake.

"Maskun ne. Ba zai bambanta launi ba, hasken rana zai dame shi, kuma na nesa zai yi masa wuyar gani. Amma ba ciwo ba ne mai ci gaba, ba kuma ya taɓa hankali. Kowane abin gado biyu-biyu muke da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya lafiyayye ne, ya isa ya rufa wa ɗayan asiri, mutum ya yi ta gani garau bai san yana ɗauke da komai ba. Sai yaro ya samu daga uwa ya kuma samu daga uba, sannan ya bayyana."

Delsihna ta ji sanyi a ranta a lokacin, don ta ɗauka an sauke mata laifi ke nan.

Welsin kuwa, sai da suka kusa isa gida ya ce:

"Daga uwa, da kuma daga uba."

"Haka ta ce."

"Ni ba ni da jinin Pingelap, Delsihna."

Ba a kwana biyu ba ta koma Mand da jaririnta da jakar kaya ɗaya.

*

Nahs ɗin ya cika. Can sama a kan dandamali Kawu Pernet ne zaune, yayan mahaifiyar Welsin, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a dangin. Daga gefensa Nohno Karmihna, surukar Delsihna, ta sunkuyar da kai tana murza bakin siket ɗinta. Welsin yana ƙasa kusa da ginshiƙi. Ya rame. Ya ɗago ya kalle ta sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa.

Pahpa Ensler ya shiga a duƙe, yana jan saiwar.

Aka sara, aka kankare, aka ɗora a dutse. Masu daka suka fara, ƙarar tana tashi kamar ƙararrawa. Da can in Delsihna ta ji wannan ƙarar daga nesa, yunwar biki take ji. Yau kowane bugu a ƙirjinta yake sauka.

Aka naɗe dakakkiyar saiwar a ɓawon itace, aka murɗa. Ruwan ya zubo cikin ƙoƙon kwakwa, mai kauri, mai yauƙi.

Mahaifinta ya karɓa da hannu biyu. Ya ja gwiwa har gaban dandamali, ya ɗaga ƙoƙon sama da kansa, ya kawar da fuska gefe.

"Maing, ranka ya daɗe, mun zo neman gafara."

Kawu Pernet ya gyara zama. Ba a saurin karɓa, kowa ya sani. Sai an bar mai roƙo hannunsa ya gaji.

Delsihna ta ga hannun mahaifinta ya fara karkarwa.

"Ban yi ba."

Ita kanta ba ta san ta faɗa da ƙarfi ba sai da ta ga kawuna sun juyo.

"Delsihna!" in ji mahaifinta, bai sauke hannu ba.

"Ban yi ba, Kawu. Ku sha ko kar ku sha, ban yi ba."

Kawu Pernet ya yi wata 'yar dariya.

"Ikon Allah. A Mand haka ake ban haƙuri? Uba na duƙe, 'ya na wa'azi?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Yarinya, ba mu muka ƙirƙiro ba. Asibiti ce ta faɗa, kina zaune. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Naki rabin mun san inda kika samo shi, ba mu yi miki gori ba. To ɗayan rabin fa? Ni ina iya lissafo miki kakanninmu tun daga yanzu har rana ta faɗi, ba za ki ji wanda ya taɓa taka jirgin Pingelap ba."

"Nas ɗin ta ce a ko'ina ana samu. Da wuya ne, amma ana samu."

"Af! Da wuya ne. Sai a kanmu wuyar ta zo ta yi sauƙi?"

"A ɗebi jininsa a gwada."

"A aika da jinin ɗanmu ƙetaren teku, mu zauna muna jiran baƙi su gaya mana ko su waye mu? Mun ce za mu yafe. Me kuma kike so?"

Ta juya wajen mijinta.

"Welsin. Kai fa? Kawu ya yi magana, Pahpa ya yi magana. Kai da ka kwana tsaye a bakin ƙofa ranar da nake naƙuda, ba ka da baki?"

Ya ɗago kai.

"Ina son ki dawo."

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Na yi ta juya shi, Delsihna. Na rantse na yi ta juya shi. Zuciyata ta ce ba za ki yi ba. Amma lissafin ya ƙi fita."

"To ka auri lissafin."

Wata tsohuwa a baya ta ce "Kai!" ta toshe baki.

Kawu Pernet ya ɗaure fuska.

"Ya isa. Don darajar tsohon nan da hannunsa ya gaji, zan karɓa."

Ya miƙa hannu. Yatsunsa suka taɓa ƙoƙon.

A daidai nan Eliser ya tsala kuka daga waje. Rana ta fito daga bayan gajimare, ta haske tsakar gidan da ruwa ya jiƙa. Sai aka ji muryar Nohno Lihner tana rarrashinsa da wata tsohuwar waƙar goyo ta Pingelap, a hankali, murya a dushe.

Delsihna ta ji waƙar nan ba adadi. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne abin da waƙar ta yi wa surukarta.

Nohno Karmihna ta ɗago kai kamar an kira sunanta. Bakinta ya buɗe. Hannun da ke murza siket ya tsaya cak.

Ƙoƙon ya kusa bakin Kawu Pernet.

"Kada ka sha," in ji Nohno Karmihna.

Ya dakata.

"Me kika ce?"

"Yaya, na ce kada ka sha. Sauke."

"Karmihna, kanki ɗaya?"

Ta miƙe. Ba ta kalli yayanta ba, ɗanta ta kalla.

"Welsin, yaron nan naka ne."



"Nohno, nas ta ce..."

"Abin da nas ta ce daidai ne. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Kai ka ba shi ɗayan rabin."

"A ina na samo?"

Ta dube shi cikin ido.

"A wurin wadda ta haife ka."

Kawu Pernet ya dire ƙoƙon har ya ɗan fantsalo.

"Wace irin magana ce wannan? Ni da kaina na kai ki Kolonia da tsohon ciki!"

"Ka kai ni. Ka juyo gida a ranar, wai aladunka ba mai ba su abinci."

"To?"

"Nawa bai zo da rai ba, Yaya. Kamar na gabansa. Kamar na gaban wancan."

Hawaye suka fara bin kuncinta, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"A gadon da ke kusa da nawa akwai wata yarinya 'yar Pingelap. Duk yini fuskarta a rufe da zane saboda hasken taga. Wanda ya yi mata ciki ma'aikacin jirgi ne, ya tafi bai waiwayo ba. Ba ta da kowa a Kolonia. Tana jin kukana, ni ina jin kukan ɗanta. Da gari ya waye ta lallabo da bin bango, ta ɗora mini shi a cinya."

Welsin ya dafa ginshiƙi.

"Haba, Karmihna," in ji Kawu Pernet, muryarsa ta sauko. "Wa ya taɓa ɓoye ɗan riƙo a tsibirin nan? Rabin mutanen da ke zaune a nan riƙonsu aka yi. Ni kaina a hannun goggo na tashi."

"Da ɗan Kitti ne, da da kiɗa zan shigo da shi. Amma ɗan Pingelap? Wanda uwarsa ke da maskun? Da kun bar shi ya gaji ko gindin kwakwa ɗaya? Kai da ka tashi lissafo kakanni yanzu-yanzu?"

Kawu Pernet ya kalli rufin nahs ɗin, kamar yau ya fara ganinsa.

"Marigayi mijina ya sani," ta ci gaba. "Mu biyu muka yi ta gadin idon yaron. Kullum da safe in fito da shi rana in zuba masa ido. Bai runtse ba, idonsa bai yi rawa ba. Da ya fara nuna mini jan fure yana cewa ja, sai na ce shi ke nan, bai ɗauko ba, abin ya tsaya a kanta."

"Ya ɗauko, Nohno."

Delsihna ce. Maganar nas ɗin ta dawo mata gaba ɗaya, kowace kalma ta zauna a mazauninta.

"Mai maskun duka biyun nata haka suke. Ko wanne ta ba ɗanta, shi ne. Na ubansa ne ya rufa masa asiri, kamar yadda aka rufa mini. Ni ina ɗauke da shi ban sani ba, shi yana ɗauke da shi bai sani ba, sai muka haɗu a kan Eliser."

Ta juya ta kalli mijinta.

"Lissafin ya fita yanzu?"

Welsin ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu.

Sai a lokacin Delsihna ta ja numfashi har ƙasan ciki, karo na farko tun ranar asibiti. Ta ji ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka, ta ji kukan zakara a bayan gida. Ashe duk kwanakin nan ba ta jin komai.

Amma da sauran tambaya ɗaya.

"Nohno, kina kallo aka haɗa mini kaya."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Ina kallo."

"Kina kallo Pahpa ya ja gwiwa."

"Na ce wa kaina in an sha ƙoƙon kowa ya huta. Ke ki dawo ɗakinki, ni asirina ya zauna inda yake. Na yi son kai, 'yata. Ba ni da abin cewa."

Pahpa Ensler yana nan a duƙe, ya rasa ko ya tashi ko ya zauna. Kawu Pernet ya dube shi, ya dubi ƙoƙon. Ya yi gyaran murya. Sai ga shi yana saukowa daga dandamali, da ƙiba da ciwon gwiwa, yana nishi. Delsihna ba ta taɓa ganinsa a ƙasa ba in ana taro.

Ya ɗauki ƙoƙon da hannu biyu, ya duƙa gaban mahaifinta, ya kawar da fuska gefe.

"Maing. Sakau ɗinka ne, da shi za mu roƙe ka. Kunyar ta yi yawa."

Pahpa Ensler ya yi dariyar da ta haɗu da kuka.

"Ba ni aka ɓata wa ba."

Ya nuna 'yarsa da haɓa.

Welsin ya taso. Ya karɓi ƙoƙon daga hannun kawunsa, ya ja gwiwa har gabanta, ya ɗaga shi sama da kansa.

Ta bar shi a haka.

Ta bar shi har hannunsa ya fara karkarwa.

"Ɗan wa ne?" ta ce.

"Nawa ne."

"Ban ji ba. Na bayan can ma ba su ji ba."

"Eliser ɗana ne! Ni na ba shi idon nan, ni da ke!"

"In na gaba ma ya zo da shi fa? Nas ta ce kowane ciki yana iya zuwa da shi, yana iya zuwa babu."

"Sai in sayi tabarau biyu."

Tsohuwar nan ta baya ta fashe da dariya, nahs ɗin duka ya ɗauka. Delsihna ta so ta ɗaure fuska, ta kasa.

"Shayarwa nake yi, ba zan sha da yawa ba."

"Ko leɓe ki taɓa."

Ta karɓa, ta runtse ido, ta kurɓa kaɗan. Ɗaci da yauƙi da ƙamshin ƙasa. Leɓenta ya yi nauyi. Mata suka saki guɗa, wani ya ruga baya yana cewa a kamo alade.

Cikin hayaniyar Pahpa Ensler ya matso kusa da Nohno Karmihna. Fuskarsa ta canja.

"Ki gafarce ni. Yarinyar nan ta asibiti, wane dangi ce? Mu a Pingelap ba mu da yawa. Kar a ce 'yata ta auri ɗan danginta."

"Kwantar da hankalinka, ba danginku ba ce. Kafin bikinsu ita da kanta ta aiko mini cewa babu komai, a ɗaura."

Welsin ya juyo da sauri.

"Ta aiko?"

Nohno Karmihna ta kama bakinta.

"Nohno, kin ce ta aiko. Tana raye ke nan?"

"Ta yi mini alkawari ba za ta taɓa taka Kitti ba. Ba ta taɓa saɓawa ba." Ta share ido da bayan hannu. "Sai yau."

Ba ta nuna da hannu ba. Idonta ne kawai ya tafi waje, gindin mangwaro.

Delsihna ta ji tsikar jikinta ta tashi. Ta tuna ranar bikinsu da Nohno Lihner ta ce rana ta yi zafi, ba za ta fito ba. Ta tuna yadda take shigewa ɗaki duk sanda motar Welsin ta tsaya a Mand, amma ta bar ƙofa a buɗe. Ta tuna daren da ta koma gida da jakar kaya, yadda tsohuwar ta karɓi jaririn ba ta tambayi komai ba, ta ce, "Wannan nawa ne."

Welsin ya fita. Delsihna ta bi shi.

Nohno Lihner tana zaune inda suka bar ta. Eliser ya yi barci a ƙarƙashin tawul. Ta daina waƙar. Ta karkata kai tana sauraron takun da ke zuwa.

Welsin ya tsaya daga ɗan nesa.

Tsohuwar ta ɗaga hannu a hankali, ta zare baƙin tabarau, da rana tsaka, abin da Delsihna ba ta taɓa gani ba tun tasowarta. Idanun suna rawa, suna ƙiftawa, ruwa yana zuba daga cikinsu, amma ba ta rufe su ba.

"Matso," ta ce. "Daga nan ba na ganinka. Duk zuwan da kake yi Mand, muryarka kaɗai nake samu."